Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Ina Aka Kwana Kan 'Yancin Ƙananan Hukumomi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke game da kuɗin ƙananan hukumomi, wanda aka yi ta shewa a kansa ranar da aka yanke shi, daga baya kuma aka bar shi ya yi ƙura. Ni tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, a sashen kuɗi na fara aiki tun ina ƙaramin akawu, a nan kuma na yi ritaya, saboda haka abin da zan faɗa ba labarin kanzon kurege ba ne. Na riƙe littafin shiga da fitar kuɗi da hannuna, na rubuta baucoci, na kuma zauna a sakatariya ranakun da mutanen ƙauye suke zuwa da koke a kan rijiyar burtsatse da ta lalace ko rufin aji da iska ta yaye, mu ba su haƙuri su koma, alhali a takarda an ce an turo mana miliyoyi a wannan watan.

Ga waɗanda suka manta, a watan Mayun 2024 ne Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya maka gwamnonin jihohi 36 a Kotun Ƙoli. Ranar 11 ga Yuli, 2024, alƙalai bakwai suka zauna, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin, wanda ya ƙunshi abubuwa uku masu nauyi. Kotun ta ce riƙe kuɗin ƙananan hukumomi 774 da gwamnatocin jihohi ke yi ya saɓa wa kundin tsarin mulki, don haka a riƙa tura wa kowace kasonta kai tsaye daga asusun tarayya. Ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni da kansiloli. Ta kuma ce duk ƙaramar hukumar da kantoma ko kwamitin riƙo ke mulka ba ta cancanci a ba ta ko kwabo ba, tun da sashe na 7 na kundin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓe ne kaɗai hanyar kafa shugabancinta. Kuɗin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne, domin kashi 20.60 cikin 100 na abin da ake rabawa daga asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne, yayin da jihohi ke karɓar kashi 26.72, tarayya kuma kashi 52.68. Wato kusan ɗaya bisa biyar na wannan dukiya an ware shi ne da sunan mutumin ƙauye da na unguwa.

Ina so mai karatu ya fahimci yadda asusun haɗaka ke aiki, domin a nan ne gizo ke saƙar. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya ce kowace jiha ta buɗe asusu guda wanda za a riƙa zuba kason ƙananan hukumominta, ita ma jihar ta ƙara da wani kaso na kuɗin shigarta, sannan a raba. Niyyar waɗanda suka rubuta dokar ita ce ƙaramar hukuma ta sami ƙari daga jiha. Abin da muka gani a aikace ya sha bamban. A ƙarshen wata akan kira taron kwamitin rabon kuɗi a babban birnin jiha, ciyaman da ma'ajinsa su je, a miƙa musu takarda mai ɗauke da cikakken kasonsu su sa hannu cewa sun karɓa. Daga nan sai a fara zabge-zabge: albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarauta, kuɗin horas da ma'aikata, gudummawar tsaro, sai kuma babban ramin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, inda ake yanke kuɗi don kwangilar da ba a ƙaramar hukumar aka tsara ta ba, ba ita ta zaɓi ɗan kwangilar ba, wani lokaci ma ba a cikin iyakarta za a yi aikin ba. Wasu daga cikin waɗannan yanke-yanken halal ne, ba na musu. Amma abin da ke saura bayan an gama, sau da yawa bai wuce na man motar ciyaman da takardun ofis da ɗan abin sallamar magoya baya ba. Na sha komawa gida da dare ina jin nauyin sa hannun da na ga an yi a kan kuɗin da ban taɓa ganin shigarsa asusunmu ba, kuma wannan nauyin bai sauka daga kaina ba har yau.

Shi ya sa ciyaman ya daina zama a garinsa. Mutumin da ba shi da abin da zai bayar, kuma ya san kujerarsa ba a hannun mutanen garin take ba, me zai zaunar da shi a sakatariya yana sauraron koke? Sai ya tare a babban birni kusa da gidan gwamnati, ya riƙa leƙowa ranar biyan albashi. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da kwashe shara da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da rajistar haihuwa da mutuwa, ya kuma sa ta cikin sha'anin ilimin firamare da lafiya da noma. Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya san halin da waɗannan abubuwa suke ciki. Har matsalar tsaro da ta addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato tana da alaƙa da wannan, domin inda babu hukuma a kusa da mutane, babu hanya, babu makaranta mai aiki, babu wanda za a kai wa ƙara kafin rikicin gona da burtali ya girma, wani ne zai zo ya cike gurbin, kuma mun ga wanda ya cike shi.

To, ina aka kwana? Bayan hukuncin, gwamnatin tarayya ta ba jihohi wa'adin wata uku su gudanar da zaɓe, ta kuma kafa kwamiti ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, George Akume, don tsara yadda za a aiwatar. Wa'adin ya cika ya wuce. A farkon 2025 jaridu suka ruwaito cewa Babban Bankin Najeriya ya nemi kowace ƙaramar hukuma ta kawo rahoton binciken kuɗinta na shekara biyu kafin a buɗe mata asusu, sharaɗin da a zahiri yake da kyau, amma wanda ya zama wani sabon dalilin jinkiri, domin ta yaya za ka kawo sahihin lissafin kuɗin da ba kai ka kashe ba? Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, a mafi yawan jihohi kuɗin na bi ta tsohuwar hanyarsa. Wasu gwamnonin ma ba su ɓoye niyyarsu ba. A Anambra, cikin watan Oktoban 2024, Gwamna Charles Soludo ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi mayar da wani kaso na kuɗinsu cikin asusun da jiha ke da hannu a kai, wato ko an biya su kai tsaye, dole su dawo da shi ta ƙofar baya. A Edo, cikin watan Disambar wannan shekara, majalisar dokokin jiha ta dakatar da dukkan shugabannin ƙananan hukumomi 18 bayan ƙorafin gwamna, wata biyar kacal da Kotun Ƙoli ta yi magana. Wannan ba shi ne karo na farko da aka yi yunƙuri ya ci tura ba. A 2019 hukumar NFIU, mai bin diddigin hada-hadar kuɗi, ta fitar da ƙa'idar da ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, gwamnoni suka garzaya kotu suna ƙalubalantarta. A gyaran kundin tsarin mulki da aka kammala a 2023, Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin 'yancin ƙananan hukumomi, amma ya kasa samun amincewar majalisun jihohi 24 da doka ta buƙata, kuma kowa ya san wanda majalisun jihohi ke saurara kafin su ɗaga hannu.

Adalci ne in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, domin ba duka ce ta son zuciya ba. Akwai lauyoyi masu daraja da suke ganin kotun ta wuce gona da iri, tun da asusun haɗaka yana nan rubuce ƙarara a sashe na 162, kuma aikin alƙali fassara doka ne, gyara ta aikin majalisa ne. Akwai masu cewa a tsarin tarayya ƙaramar hukuma 'yar jiha ce, bai kamata Abuja ta tsallake gwamna ta ƙulla hulɗa da ita ba. Hujjar da ta fi taɓa ni ita ce ta malaman firamare. Ƙungiyarsu ta daɗe tana cewa kada a mayar da albashinsu hannun ciyamomi, kuma duk wanda ya yi aiki a farkon shekarun 1990 ya san dalili, domin a lokacin malami kan yi watanni bai ga albashi ba, makarantu su yi ta zama a rufe saboda yajin aiki. Haka kuma akwai ƙananan hukumomin da yawan ma'aikatansu ya kai idan aka bar su da kasonsu kaɗai ba zai ishe su biyan albashi ba, asusun haɗaka ne ke ɗebo daga mai rara ya cika wa mai giɓi. Waɗannan matsaloli ne na gaskiya, amma maganinsu shi ne a zauna a gyara kundin tsarin mulki, a ware albashin malamai da ma'aikatan lafiya tun daga tushe, a rubuta ƙa'idar taimakekeniya a fili kowa ya gani. Ba su zama lasisin yin watsi da hukuncin kotun da babu wata a samanta ba. Gwamnan da ya hau kujera ko ya tsira da ita ta hanyar hukuncin Kotun Ƙoli, kuma muna da irinsu da yawa a Arewa da Kudu, ba shi da bakin zaɓen hukuncin da zai bi da wanda zai ƙi.

Sai dai ita ma gwamnatin tarayya ba zan wanke ta ba, kuma a nan nake roƙon masu murna su yi hattara, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Idan famfon kuɗin ya koma Abuja, wanda ke riƙe da shi zai iya rufe shi a kan abokin hamayya. Mun taɓa gani. A 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas saboda sababbin hukumomi 37 da gwamnan jihar na lokacin, Bola Tinubu, ya ƙirƙira. Kotun Ƙoli ta ce shugaban ƙasa ba shi da wannan iko, amma ba a kammala sakin kuɗin ba sai da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki a 2007. Wanda aka yi wa haka jiya shi ne ke da wuƙa da nama a yau, kuma a ƙarƙashin mulkinsa aka riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Osun na tsawon watanni a 2025, saboda taƙaddama tsakanin APC da PDP a kan su wane ne halastattun ciyamomi. A Ribas kuwa, bayan Kotun Ƙoli ta soke zaɓen ƙananan hukumomin jihar ranar 28 ga Fabrairu, 2025, shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci ranar 18 ga Maris, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da majalisar jiha na wata shida, ya naɗa tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas ya riƙe jihar, shi kuma ya naɗa kantomomi a ƙananan hukumomi 23. Gwamnatin da ta je kotu ta samo hukuncin haramta kantomomi, ita ce wakilinta ya naɗa su. Idan mai kai ƙara bai girmama hukuncin da ya samo ba, da wane ido zai dubi gwamna ya ce masa ya bi?

Yanzu in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk wannan ja-in-ja tsakanin tarayya da jihohi ne a kan wanda zai riƙe jaka. Mai kuɗin na ainihi, talakan da aka ware kason da sunansa, babu wanda ya tambaye shi, kuma ko gobe aka fara tura kuɗin kai tsaye, ba zai ga canji ba muddin ba shi ne ke zaɓen ciyaman ba. A duba zaɓukan da aka yi cikin gaggawa bayan hukuncin. A Bauchi PDP ta lashe dukkan kujeru 20. A Kaduna, cikin Oktoban 2024, APC ta lashe duka 23. A Kano, cikin wannan watan na Oktoba dai, NNPP ta lashe duka 44, bayan kotun tarayya da kotun jiha sun ba da umarni masu karo da juna a kan ko a yi zaɓen ko kada a yi. A Katsina, cikin Fabrairun 2025, APC ta lashe duka 34. Jam'iyyu uku mabambanta, sakamako iri ɗaya: ta gwamna ce ke cinye komai. Babu mai hankalin da zai yarda cewa a jihar da aka yi kankankan a zaɓen gwamna, jam'iyyar adawa ba za ta iya cin ƙaramar hukuma ko guda ba. Dalilin a fili yake, gwamna ne ke naɗa shugabannin hukumar zaɓe ta jiha, shi ke ba ta kuɗi, shi kuma ke tsayar da 'yan takarar jam'iyyarsa. A kwatanta da Abuja, inda hukumar zaɓe ta ƙasa ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida: a 2022 APC ta ci uku, PDP ta ci uku. Ban ce INEC ba ta da nata laifin ba, amma wannan bambanci ya isa abin dubawa. Ciyaman da gwamna ya ɗauko ya ɗora kantoma ne da aka sauya wa suna, kuma idan aka tura masa kuɗin yau, gobe da asuba zai ɗauke shi ya kai inda aka umarce shi, ba tare da an buƙaci wata doka irin ta Anambra ba.

Mu 'yan Arewa muna da tarihin da ya kamata ya koya mana wannan. Kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, En'e ce, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ke mulkin ƙasa, kuma a ganiyarta tana da cin gashin kai fiye da duk abin da ake nema yanzu: baitulmalinta, 'yan dokarta, kotunanta da gidan yarinta. Ta gina makarantu da ɗakunan shan magani da hanyoyi, dattawa suna yaba mata har yau, kuma lissafin baitulmali yana da tsauri. Duk da haka talaka ba shi da bakin tambaya, abin da ya sa Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka sha ɗauri da bulala ke nan tun daga 1950, suna neman a ba mai biyan haraji da jangali murya a kan wanda ke mulkinsa. 'Yancin hukuma daban, 'yancin mutanen da take mulka daban, kuma na biyun ne har yanzu ba mu samu ba.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne doka ta bar mana wasu ƙofofi a buɗe, mu ne ba ma shiga. Rigar kariya da sashe na 308 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu ba ta rufe ciyaman ba, saboda haka EFCC da ICPC za su iya gurfanar da shi yana kan kujera, kuma ya kamata kowane ciyaman da ma'aji su sani cewa ranar da za a zo bincike, sa hannunsu za a gani a takarda, ba na wanda ya ba da umarni ta waya ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayanin yadda aka kashe kuɗi, a ba shi amsa cikin kwana bakwai, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta shafi jihohi ma. Kowace jiha tana da babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi, wanda ke rubuta rahoto ya miƙa wa majalisa, rahoton da galibi ke ƙarewa a cikin durowa. Kansiloli, waɗanda aikinsu ne su amince da kasafin kuɗi su kuma bi diddiginsa, su ne suka fi kowa kusa da mu, muna haɗuwa da su a masallaci da wurin suna da jana'iza, amma abin da muke tambayarsu shi ne taimakon kuɗin magani, ba mu taɓa tambayarsu nawa aka turo a watan jiya ba. Ina kira ga ƙungiyoyin ci gaban gari da na matasa da na mata, da limamai da masu unguwanni, su mayar da wannan tambaya abin yi kowane wata. Ina kuma kira ga 'yan majalisarmu na tarayya da na jihohi, tun da ana kan wani sabon gyaran kundin tsarin mulki, su fito su faɗa wa mazaɓunsu matsayinsu a kan soke asusun haɗaka da kuma raba hukumar zaɓen jiha da hannun gwamna, a rubuta sunan kowa da yadda ya kaɗa ƙuri'a.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina da buƙata a wurinka. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna fitar da jadawalin abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma a kowane wata, amma da Turanci ne, a intanet, cikin dogayen shafuka na alƙaluma da manomi a ƙauye ba zai taɓa gani ba. Ina roƙon jaridarka ta ware rabin shafi sau ɗaya a wata, ta buga sunan kowace ƙaramar hukuma a jihohinmu da adadin da aka ware mata, da Hausa, ta yadda za a iya karanta shi a majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi, gidajen rediyo su ma su ɗauka. Sannan ka tura wakilanka su zaɓi ƙaramar hukuma guda a kowane wata, su je sakatariyarta da wannan adadi a hannu, su tambayi ciyaman nawa ne ya shiga asusunsa daga ciki, su buga amsar da ya bayar, idan kuma ya ƙi amsawa su buga cewa ya ƙi.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin sashen kuɗi na ƙaramar hukuma.